Wa'azin da ba a buɗe baki: yadda masu zanen Italiya suke jan zuciyar mai kallo

Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa, ko a Gadarif ne ko a Mai Wurno ko a tsofaffin unguwanninmu na Hartum a nan Sudan, ya san cewa uwa tana iya fitar da yaro daga ɗakin baƙi ba tare da ta ce uffan ba, domin kallo ɗaya ta gefen ido ya ishe shi ya tattara takalmansa. Mun san ma'anar tagumi, mun san zunɗe, mun san cewa wanda ya ɗora hannuwa biyu a ka ya ji mugun labari ne, kuma budurwar da ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi lokacin da aka ambaci sunan wani ta riga ta ba da amsa. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne a mayar da wannan harshe na jiki sana'a, a koyar da shi daga maigida zuwa yaron shago, sannan a kafe shi a jikin bango domin ya ci gaba da aiki a zukatan mutane ɗaruruwan shekaru bayan mai shi ya kwanta dama. Wannan shi ne abin da masu zanen Italiya suka yi a majami'unsu tun daga wajen shekarar 1300 har zuwa ƙarshen ƙarni na 17.

Ni Musulmi ne, kuma na san matsayin malamanmu game da zana annabawa, kamar yadda na san abin da aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta faɗa game da gicciye Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Saboda haka duk inda na bayyana abin da ke cikin wani zane, ina faɗinsa ne bisa yadda Kiristocin da suka yi shi suka ɗauke shi. Abin da ya dame ni a nan shi ne dabarar. Mai wa'azi da baki idan ya kawo hujja, kana iya ɗaga hannu ka tambaye shi inda ya samo ta, kana iya kuma komawa gida ka buɗe littafi. Zane kuwa ba ya barin wannan ƙofa a buɗe, domin shi yake zaɓar maka inda za ka tsaya, da inda idonka zai fara sauka, da wanda za ka tausaya wa, tun kafin hankalinka ya farga cewa akwai abin da ake nema a wurinka.

Su kansu Kiristoci sun daɗe suna jayayya a kan halaccin hoto a wurin ibada, kuma jayayyar ba za ta zama baƙuwa a kunnenmu ba. A wajen shekarar 600 wani bishof na birnin Marsiliya mai suna Serenus ya farfasa hotunan da ke cocinsa saboda ya ga mutane suna neman bauta musu. Paparoma Giregori Babba ya rubuta masa wasiƙa, ya yaba masa da kishin hana bautar abin da hannu ya yi, amma ya zarge shi da ɓarna, yana mai cewa abin da rubutu yake ga mai karatu shi ne zane yake ga wanda bai iya karatu ba. Da wannan hujja cocin Roma ya riƙa kare zane har tsawon shekara dubu. Sai dai a ganina hujjar ta rage wa abin girma, domin da ba da labari kaɗai ake so, da 'yan siffofi kaɗan masu sauƙi sun wadatar. Abin da Italiyawa suka koma nema shi ne mai kallo ya ji labarin a jikinsa.

A ƙaramin cocin Sukurobeni da ke birnin Paduwa ake fara ganin haka ƙarara, inda mai zane Jotto ya lulluɓe bango duka da zane a wajen shekarar 1305. Irin wannan zane ana yin sa ne a kan ɗanyen filasta, mai zane yana yaɓa daidai abin da zai iya gamawa a yini guda, launi kuma ya shige cikin bangon yayin da yake bushewa, saboda haka babu damar yawan gyara, dole kowane hannu da kowace fuska a yanke shawararsu tun da wuri. A zanen makoki, inda aka sauko da gawar Almasihu ana kuka a kanta, Jotto ya jawo wani tudun dutse daga sama ta dama ya gangaro da shi zuwa ƙasa ta hagu, kuma ƙarshen gangaren ya faɗa daidai inda uwa ta kusantar da fuskarta ga fuskar ɗanta. Ko ta ina ka fara kallo, dutsen nan zai zamo da idonka zuwa wurin. Wani almajiri ya watsa hannuwansa baya kamar wanda aka soka a ƙirji, wata mace ta riƙe ƙafafun mamacin a cinyarta, mala'iku a sama suna murɗewa don baƙin ciki.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki a wannan zane shi ne mutane biyu da ke zaune a gaba, sun lulluɓa, sun juya mana baya, ba ma ganin fuskarsu ko kaɗan. Masu zanen da suka gabaci Jotto sun saba jera tsarkaka suna fuskantar mai kallo, shi yana waje su suna ciki. Waɗannan biyun kuwa suna kallon inda kake kallo, sun zauna a inda za ka zauna, sun bar 'yar tazara a tsakaninsu wadda ta cikinta kake hango gawar. Kamar ka isa gidan rasuwa ne ka tarar an riga an zazzauna a tabarma, ka samu gurbi a bayan mutane ka durƙusa: ba wanda ya gayyace ka da baki, amma ka riga ka shiga cikin masu makoki. Kuma tun da ba a nuna maka fuskarsu ba, da naka baƙin cikin za ka cike ta.

Akwai wani lallashin kuma a wannan coci wanda ba na addini zalla ba ne. Enriko Sukurobeni, wanda ya biya kuɗin ginin, ɗan gidan masu ba da bashi da ruwa ne, har mawaƙi Dante ya sanya mahaifinsa a cikin wuta tare da masu cin riba. A bangon da ke saman ƙofar fita, inda aka zana ranar hisabi, Jotto ya sanya Enriko a durƙushe a ɓangaren waɗanda suka tsira, yana miƙa wa Maryamu ƙaramar siffar cocin. Duk mutumin Paduwa da ya juya zai fita, abin da zai gani na ƙarshe ke nan. Da Enriko ya hau mumbari ya ce dukiyar gidansu ta tsarkaka, da an yi masa dariya a kasuwa, amma bango ya faɗa a madadinsa kullum, kuma ba a yi wa bango raddi.

Bayan shekara ɗari da 'yan kai mutanen Fulorans suka ƙara wa wannan sana'a lissafi. Magini Burunelleski ya gano ƙa'idar da ake zana nisa da kusa a kan shimfiɗaɗɗen bango, ta yadda duk layukan da suka nufi ciki za su haɗu a ɗigo guda, sai mai zane Masacco ya yi amfani da ita a wajen 1427 a cocin Santa Mariya Nobella, ya zana wani ɗaki mai rufin baka wanda ake gani kamar an huda bangon. Ya ajiye ɗigon a daidai tsayin idon mutumin da ke tsaye a ƙasa, wato tun kafin ka zo an riga an auna inda za ka tsaya. A cikin zanen Maryamu ta juyo wajen mai kallo, fuskarta a bushe babu hawaye, ta ɗaga hannu ɗaya tana nuna ɗanta. A shekarar 1435 wani masani mai suna Albarti ya rubuta littafinsa a kan zane, inda ya mayar da irin wannan dabara ƙa'ida: ya ce muna kuka tare da mai kuka, muna dariya tare da mai dariya, kuma motsin zuciya ba a gane shi sai ta motsin jiki, sannan ya ce yana son a kowane zane a sami wani da zai kalli mai kallo ya nuna masa abin da ke faruwa, ko ya kira shi da hannu, ko ya tsoratar da shi da ido. Mu da muke cewa labarin zuciya a tambayi fuska ba za mu yi masa gardama ba.

Wani abu da ke saurin kuɓuce wa mai kallo na yau shi ne cewa waɗancan mutane sun iya karanta motsin hannu fiye da mu, domin masu wa'azinsu sun horar da su. Wani shahararren mai wa'azi na ƙarni na 15, Robarto Karaccolo, ya kasa lokacin da mala'ika ya zo wa Maryamu da bushara kashi biyar: firgita, da tunani, da tambaya, da ƙanƙan da kai, da samun falala. Mai zane yakan zaɓi ɗaya daga ciki, mai kallo kuma yakan gane wanne ne daga yanayin hannunta, ko ta ɗaga tafi kamar mai kare kanta, ko ta harɗe hannuwa a ƙirji ta sunkuya. Wanda ya haddace Suratu Maryam ya san biyu daga cikin waɗannan lokuta, domin a can ma ta fara da neman tsari daga baƙon da ya bayyana gare ta, sannan ta tambaya ta yaya za ta sami ɗa alhali wani namiji bai shafe ta ba.

Ba kowane zane ne yake jan mutum da ƙarfi ba. A gidan ruhubanawa na San Marko a Fulorans, Fira Anjeliko da yaransa sun yi zane a cikin ƙananan ɗakunan kwana fiye da 40 a wajen shekarar 1440, kowane ɗaki da nasa, domin mutum ɗaya ya zauna da shi shekara da shekaru. A ɗaki na bakwai ya zana wulaƙancin da Kiristoci suka ce an yi wa Almasihu, amma bai zana masu wulaƙancin ba: sai hannuwa kawai a iska, ɗaya riƙe da sanda, wasu a buɗe don mari, da wani kai maras jiki yana tofa yawu. A ƙasa Maryamu ta yi tagumi ta kau da kai, waliyyi Dominik kuma yana duba littafi. Ba wanda yake kallon abin da ke faruwa a cikinsu, domin suna koya wa mai ɗakin yadda zai yi ne, wato ya gani da zuci. Kuma tun da hannuwan ba su da masu su, ba abin da zai hana shi zargin nasa. A farfajiyar gidan an zana wani waliyyi ya ɗora yatsa a leɓe yana umurni da shiru. Wannan alama ta tuna mini da zanen Hannatu mahaifiyar Maryamu da aka tono a tsohon cocin Faras kusa da Wadi Halfa, a aikin da masana daga Folan suka yi tsakanin 1961 da 1964 kafin ruwan madatsar Aswan ya cinye wurin, ita ma da yatsa a leɓe. An raba zanen Faras tsakanin gidan tarihi na Hartum da na Warso, kuma Hannatu tana cikin waɗanda suka tafi Warso. Ƙasar da muke zaune a cikinta ta san wannan harshe ƙarnoni kafin a haifi Jotto.

Liyonardo da Binci ya rubuta a takardunsa cewa mai zane na ƙwarai abu biyu yake zanawa, mutum da abin da ke ransa, na farko mai sauƙi ne na biyu kuwa mai wuya, kuma ya shawarci masu zane su koyi motsi daga bebaye, domin su ne gwanayen magana da hannu. Zanensa na jibin ƙarshe, wato abincin da Almasihu ya ci na ƙarshe tare da almajiransa, wanda ya yi tsakanin 1495 da 1498 a bangon ɗakin cin abincin ruhubanawa na Santa Mariya delle Giratsiye a Milan, faɗinsa ya kusa mita 9, kuma ya kama daidai lokacin da Almasihu ya ce ɗayanku zai bashe ni. Maganar ta riga ta fita, abin da muke gani shi ne yadda ta bugi mutum goma sha biyu, waɗanda ya kasa uku-uku. Wani ya ware hannuwa ya ja baya, wani ya nuna ƙirjinsa yana neman a wanke shi, Toma ya ɗaga yatsa sama, Bitrus ya miƙo wuya yana raɗa da wuƙa a hannunsa ta baya. Masu zanen da suka gabata sukan ware Yahuza, almajirin da ya bashe shi, shi kaɗai a ɗaya gefen teburin don kada a yi kuskurensa. Liyonardo ya bar shi a cikin jama'a, sai dai ya jefa fuskarsa a inuwa, ya sa ya ƙanƙame jakar kuɗi da hannun dama, yana miƙa hagu zuwa ga abinci. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa sharhi a kan mutumin da ya kai hannun hagu akushi a gaban malaminsa, ko da yake a nan sai mu yi hattara, domin ba kowace alama tasu ce ta yi daidai da tamu ba. Kallon tsakiyar ido da suke ɗauka alamar gaskiya, a wurinmu idan yaro ya yi wa babba shi rashin kunya ne.

Da Martin Luta ya tayar da ƙura a 1517, kuma masu bin sabuwar ɗariƙa a arewacin Turai suka shiga fitar da hotuna daga majami'u, cocin Roma ya zauna ya sake duba makaminsa. Majalisar shugabannin cocin ta garin Turento, wadda ta yi zama daga 1545 zuwa 1563, ta yanke a zamanta na ƙarshe cewa hotuna za su zauna, amma kada a zana abin da zai koyar da ɓata ko ya motsa sha'awa, kuma bishof ne zai sa ido. A 1582 Kadinal Paleyotti na Bolonya ya wallafa littafi inda ya ɗora wa mai zane aikin da tsofaffin Rumawa suka ɗora wa mai huɗuba, wato ya faranta, ya koyar, ya motsa zuciya. Tsiraicin da Mikelanjelo ya zana a bangon ranar hisabi na ɗakin ibadar Sistina a Roma an sa wani almajirinsa ya rufe shi da ƙyalle a 1565, shekara guda bayan mutuwarsa. A 1573 kuma kotun binciken aƙida ta Benis ta kira mai zane Beronese ta tambaye shi dalilin da ya sa ya cika zanensa na jibin ƙarshe da wawayen sarki da wadanni da sojojin Jamus da mashaya, ta ba shi wata uku ya gyara da kuɗinsa. Bai goge kowa ba. Ya rubuta a jikin zanen cewa wannan walima ce a gidan Lawi mai karɓar haraji, inda Linjila ta ce an ci abinci tare da masu zunubi, kuma maganar ta mutu a nan. Wannan labari yakan ba mutane dariya, amma ni abin da na gani a cikinsa shi ne cewa zanen da ake cewa yana magana da kansa yana jingine ne a kan labarin da aka riga aka zuba wa mai kallo a kunne.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ita ce a rinjayi mutum da girma har ƙafafunsa su yi sanyi, kuma ƙarshenta shi ne rufin cocin Sant Inyatsiyo a Roma, wanda Andireya Potso, ɗan ƙungiyar malaman coci ta Jesuwit, ya zana a farkon shekarun 1690. Lokacin da wani taro kan harkar noma ya kai ni Roma na shiga wurin a matsayin baƙo mai kallo. A tsakiyar daɓen akwai wani faifan marmara, idan ka tsaya a kansa ka ɗaga kai sai ka ga ginshiƙan cocin sun ci gaba da hawa, rufin ya buɗe, mutane suna ta tashi cikin gajimare har inda ido ya gaza. Idan ka matsa gefe sosai sai ginshiƙan su karkace kamar za su zubo. A kusurwoyi an zana nahiyoyi huɗu a siffar mata, Afirka baƙar mace ce a kan kada riƙe da hauren giwa, haske yana isowa gare ta bayan ya bi ta ƙirjin wanda ya kafa ƙungiyar. Gwanintar ba ta da musu, amma ban ji ta a raina ba, domin lallashin da ba ya tsayawa sai ka tsaya a inda aka ce ka tsaya ya fi kama da umurni, kuma ɗan Afirka da ya ɗaga kai ya ga inda aka ajiye shi ba ya bukatar tafinta.

Ɗaya hanyar ita ce a sauko da abin ƙasa har ya taɓa ƙurar titi, kuma mai zane Karabajo ne jagoranta. Tafiyar 'yan mintoci daga can akwai cocin San Luwiji na Faransawa, inda ya zana a wani lungu kiran da Almasihu ya yi wa Matiyu mai karɓar haraji, tsakanin 1599 da 1600. Lungun yana da duhu, sai an jefa tsaba a wani akwati fitila take kamawa na ɗan lokaci, saboda haka mutane sukan tsaya cirko-cirko kowa yana jiran wani ya biya. Da haske ya zo sai ka ga mutum biyar a teburin haraji sanye da tufafin zamanin mai zanen, da huluna masu gashin tsuntsu, suna ƙirga kuɗi. Daga dama mutum biyu sun shigo ba takalmi, kuma wanda ya fi muhimmanci a cikinsu, wato Almasihu, kusan a ɓoye yake a bayan ɗayan, fuskarsa da hannunsa kaɗai suka fito sosai. Hannun ma a sake yake, yatsan bai miƙe ba. Hasken da ya biyo ta saman kansa ya tsaga bangon a karkace shi ne yake yin kiran, kuma Karabajo ya daidaita shi da tagar gaskiya da ke saman bagadin lungun. Wani mai gemu ya zaro ido yana nuni da yatsa, har yau kuma masana suna saɓani ko kansa yake nunawa yana cewa ni, ko saurayin da ya duƙufa a kan kuɗi bai ko ɗago ba. Ina ganin wannan rashin tabbas yana cikin abin da ke riƙe mutum a wurin, domin muddin ba a tantance wanda ake kira ba, mai kallo bai fita daga cikin waɗanda ake zato ba.

A cocin Sant Agostino da ke kusa, a lungun farko ta hagu, akwai zanensa da ake kira Maryamun mahajjata, na wajen 1604 zuwa 1606. Mace ce tsaye a bakin ƙofar gida, ba takalmi, filastar bango ta ɓanɓare har bulo ya fito, tana saɓe da yaro wanda ya yi girman da nauyinsa ya karkatar da ita. A gabanta wani dattijo da wata tsohuwa sun durƙusa da sandunan tafiya, sun haɗa tafuka. Tafin ƙafafun namijin su ne suka fi kusa da kai, kusan a daidai fuskarka, baƙi ƙirin da dauɗar hanya. Wani mai zane na zamanin, Baliyone, wanda ba ya ga-maciji da Karabajo, ya rubuta da raini cewa talakawa sun yi ta hayaniya a kan zanen. Ba abin mamaki ba ne, domin Roma gari ne na masu ziyara da ƙafa, kuma wanda ya shigo da irin waɗannan ƙafafu ya ga an sa su a kan bagadi.

Da na dawo Gadarif na nuna wa kakata hoton a waya. Iyayenta suna cikin waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji a ƙasa, ta Barno da Wadai da Fashir, suna tsayawa suna noma ko tsinkar auduga a Jazira don su tara guzuri, har zama ya kama su a nan kamar yadda ya kama dubban irinsu tun bayan yaƙin Burmi na 1903. Ban gaya mata komai ba. Ta kawo wayar kusa da ido, ba ta ko dubi mai ɗauke da yaron ba, ta sa yatsa a kan ƙafafun ta ce, "Maigida, waɗannan daga nesa suke. Dubi kaushi, har da faso. Haka ƙafar babana take har ya rasu." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Allah Sarki, sun iso dai." Sai ta tambaya, "Ita kuma matar gidan, me ya hana ta kawo musu ruwa?" Na ce, "Iya, ai wai Nana Maryamu ce da Annabi Isa." Nan take ta kife wayar a kan tabarma ta ce, "A'uzu billahi. Su ba a zana su. Ɗauke abinka."

Cikin abin da bai wuce minti ɗaya ba zanen ya yi duk abin da zai iya, ya kuma gamu da iyakarsa. Ya sa tsohuwar da ba ta taɓa jin sunan Italiya da wata ma'ana ba ta tausaya wa baƙi biyu, ta ji gajiyarsu, ta yi murnar isowarsu, kuma duk wannan ba da kalma ko ɗaya ba. Gani ya kori ji a wannan gwargwado. Amma abin da aka yi zanen dominsa, wato mai kallo ya bi sahun waɗannan biyun ya durƙusa, bai samu ba, domin a idonta matar gida ce da ta bar baƙi a ƙofa, kuma da aka faɗa mata ko wace ce, abin da ta ji tun tana ƙarama a makarantar allo shi ya yi hukunci. Tausayi ya ƙetare teku da ƙarni huɗu ba tare da tafinta ba, aƙida kuwa ta tsaya a inda aka koyar da ita.

Ba kakata kaɗai ce ta taɓa kife aikin Karabajo ba. A daidai waɗannan shekaru ya zana rasuwar Maryamu domin cocin Santa Mariya della Sikala a Roma, ya kwantar da ita a matsayin gawa ta gaske, jiki ya ɗan kumbura, ƙafafu a waje ba lulluɓi, dattawa kewaye da ita suna rufe fuska da hannu. Ruhubanawan da ke da cocin suka ƙi karɓa, domin a wurinsu dauɗar da ta dace da ƙafar mahajjaci ba ta dace da uwar Almasihu ba, suka sa Karlo Saraceni ya yi musu wani. A 1607, bisa shawarar mai zane Rubens, sarkin Mantuwa ya sayi wanda aka ƙi, kuma kafin a fitar da shi daga Roma sai da aka baje shi kusan mako guda saboda masu zanen birnin sun matsa sai sun gani. Daga Mantuwa ya koma hannun Sarki Carls na Ɗaya na Ingila, daga baya ya shiga taskar Luwi na 14 na Faransa, yanzu kuma yana rataye a gidan tarihi na Lubur a Faris, nesa da bagadin da aka auna shi dominsa.